Abin da Ke Rubuce a Bayan Leda: Jawabi ga Dattawa da Zumuntar Mata a Dutse

  

An ba ni magana a kan rubutun da ke jikin abincin kanti, wato abincin da ke zuwa mana cikin leda ko kwali ko gwangwani ko roba. Na san wani dattijo zai ce a ransa, me ya haɗa wannan da aikin ikilisiya? To, Baba, a tuna da roƙon addu'ar da ake karantawa a majami'unmu kowace Lahadi. Wane yana kwance da hawan jini. Wance suga ya tashi mata. Wane ɓarin jikinsa ya shanye, an kai shi asibitin Rasheed Shekoni, ko an wuce da shi Birnin Kudu. Yaron wance ba ya girma. Muna yi musu addu'a, daidai ne kuwa, muna kuma haɗa gudummawa daga ɗan abin da ke hannunmu. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, ciwon mutum ɗaya yakan girgiza asusun jama'a duka. Wani sashe na waɗannan cututtuka kuwa ta baki yake shiga, a hankali, shekara da shekaru, ta abin da muka saya da kuɗinmu muna ganin gata muke yi wa iyali.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, yawancin abin da ake ci a gidajenmu an san asalinsa. Gero da dawa daga rumbu suke, daddawa an san matar da ta yi, man gyaɗa an san gidan da aka matse shi, nono an san Bafillatanar da ke kawowa. In abu ya ɓaci, an san wanda za a tambaya. Yau ba ƙauyen da ba ya da mai shago ko mai tebur da ke rataye da madarar leda, da magi, da taliyar yara, da biskit, da garin lemo, da tumatirin leda. Ba mu ga inda aka yi su ba, ba mu san mai yin su ba, ba za mu taɓa haɗuwa da shi ba. Shaidar da ta rage tsakaninmu da shi ita ce rubutun nan da ke jikin kayan. Wannan rubutu kamar rantsuwa ne da mai kamfani ya yi a gaban hukuma cewa ga abin da ya zuba a ciki.

Ba don alheri kamfanoni ke yin rubutun ba, doka ce ta tilasta musu. Tun 1963 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ana kiranta Codex, ita kuma ta fitar da ƙa'idar rubuta sinadaran abinci a 1985. A nan gida, an kafa hukumar NAFDAC da dokar soja ta 1993. Manyanmu za su tuna da marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, lokacin da ake tara jabun kaya ana cinna musu wuta a fili, har aka kai mata hari da bindiga a ƙarshen 2003, Allah ya tsare ta. A zamaninta ne talaka ya koyi tambayar lambar NAFDAC. An fitar da dokar rubutun jikin abinci a 2005, aka sake sabunta ta a 2022. Abin da dokar ke nema a taƙaice shi ne sunan abincin na gaskiya, da jerin abin da aka haɗa, da nauyinsa, da sunan mai yin sa da adireshinsa, da ranar yi da ranar ƙarewa, da lambar rajista, da bayanin sinadaran da ke ciki.

Abu na fari da nake so mu riƙe shi ne, leda tana da gaba tana da baya, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Gaba talla ce. A nan ake sa hoton saniya mai ƙiba, da yaro mai kumatu, da lemon zaƙi yana ɗigar ruwa. A baya, cikin ƙananan baƙaƙen da sai an matso da ido, nan maganar take. Duk wanda ya sayi kaya don hoton gaba ya yi cinikin biri a sama.

Ku juya ledar ku nemi kalmar "Ingredients". Abin da ke biye da ita jerin kayan haɗi ne, kuma ba a jera su yadda aka ga dama. Wanda ya fi yawa shi ake fara rubutawa, a bi da mai bi masa, har zuwa mafi ƙanƙanta. Wannan ƙa'ida kaɗai, in kun riƙe ta, ta isa ta cece ku daga asara mai yawa. In kin ɗauki abin sha mai hoton lemo ko mangwaro, kika ga ruwa ne na fari, sukari na biyu, sauran kuwa kala da ƙamshi, to ruwan sukari mai kala kike saya, ba ruwan 'ya'yan itace ba. In garin shayin yara ya fara da sukari, to sukari ne mafi yawa a ciki, komai kyawun gwangwanin. A lura kuma, sukari yana da sunaye da yawa a Turance. "Glucose syrup" da "sucrose" da "fructose" duk 'yan gida ɗaya ne.

Bari in daɗe kaɗan a kan madara, gama a nan aka fi cutar iyaye mata. Abu uku ne ake sayar mana, dukansu farin gari, dukansu muna ce musu madara. Akwai madara cikakkiya, wadda aka busar da nonon saniya da mansa. Akwai wadda aka cire mata man nono aka zuba man itace a madadinsa, galibi na kwakwar manja, a jikinta za a ga an rubuta "filled milk" ko "vegetable fat". Wannan ba guba ba ce, ta fi araha, babba zai iya sha a shayi, sai dai a san ba ɗaya suke da ta farkon ba. Sai na uku, wanda ake rubuta wa "creamer". Wannan yawancinsa sukarin masara ne da man itace, aikinsa ya faranta shayi kawai. Madara cikakkiya tana da wajen giram 25 na sinadarin gina jiki a kowane giram 100, shi kuwa wannan sau da yawa ko giram 5 bai kai ba. Uwa za ta dama wa yaro kunu ta zuba masa cokali biyu, zuciyarta ta kwanta cewa ya sha madara, alhali da ta daka gyaɗa ko waken suya ta zuba, da ya fi samun abin gina jiki, a kuɗi kaɗan. Jariri kuwa, kada a ba shi ko ɗaya cikin ukun nan a madadin nono. Nonon uwa zalla har wata 6, wannan ita ce shawarar likitoci a duniya duka, daga nan a fara ƙara masa abinci ana ci gaba da shayarwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jigawa, cikin yara 10 'yan ƙasa da shekara 5, fiye da 6 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. Muna cikin jihohin da abin ya fi muni a ƙasar nan. Tamowa ba ta tambayar addinin gida kafin ta shiga. Inda kuɗi ya yi kaɗan, kowace naira da aka kashe a kan farin garin da ba ya gina jiki, daga bakin yaro aka cire ta.

Har abincin jarirai na gwangwani mai tsada, a karanta shi. A 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN mai kare shayar da nono, sun gwada garin jarirai na Cerelac daga ƙasashe dabam dabam. Suka ba da rahoto cewa wanda ake sayarwa a Ingila da Jamus ba a ƙara masa sukari ba, amma wanda ake sayarwa a ƙasashe irin namu an ƙara, a Nijeriya har fiye da giram 6 a ci ɗaya. Kamfanin Nestlé ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. Ni ban zo in yi shari'a tsakaninsu ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, abu yana iya cika doka, yana da lamba, yana da suna babba, duk da haka bai zama mafi kyau ga ɗanki ba. Yaron da aka saba wa harshensa da zaƙi tun yana wata 7, da wuya ya karɓi kunun gero da faten wake daga baya.

Yanzu sai ɗan akwatin lissafin nan da ke bayan leda, mai layi layi da lambobi. Mutane da yawa, har masu ilimi, sukan tsallake shi. Ba shi da wuya. Abin da za a fara dubawa shi ne, lissafin na nawa ne? Wani kamfani yana yin lissafi a kan giram 100 ko mililita 100, wani a kan abin da ya kira ci ɗaya, kuma shi ne ke yanka wa kansa girman cin nan. Sai a rubuta lissafin biskit 3, alhali yaro zai cinye fakitin duka kafin ya kai gida. In za a gwada kaya biyu, a gwada su a layin giram 100, nan ne mudu ya zama ɗaya.

Mu yi lissafi tare. A ce robar lemo ta nuna sukari giram 10 a kowane mililita 100, yawancin lemon kwalba kuwa a nan kusa suke. Robar rabin lita mililita 500 ce, wato 10 sau 5, giram 50 ke nan. Cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar sukari wajen giram 4. Ashe cikin roba ɗaya akwai cokali 12 da ɗoriya. Wace uwa a nan za ta zuba wa ɗanta sukari cokali 12 a kofi ta ce ya shanye? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, ga babban mutum wajen giram 50 ke nan, ta ce kuma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon babba na yini, balle yaro. Gwamnatin tarayya ma ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Naira 10 dai ba ta hana kowa sha ba, amma ta nuna hukuma ta san akwai matsala.

Gishiri ya fi sukari iya ɓuya, kuma shi ne abokin hawan jini. A jikin leda ba kullum ake rubuta gishiri ba, sai a rubuta "sodium". In kun ga wannan, ku ninka lambar sau biyu da rabi, shi ne gishirin. A ce fakitin taliyar yara da garin ɗanɗanonta ya nuna miligiram 1,200, to gishiri giram 3 ke nan. Abin da aka shawarci babba ya ci a yini duka bai kai giram 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya a shafe. Fakiti ɗaya ya kwashe fiye da rabi, ga shi ba a taɓa tuwon dare ba.

Iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri in taɓa magi. Ɗunƙulen magi, kowane iri ne, kusan rabinsa gishiri ne, ku duba jerin kayan haɗinsa za ku ga da me ya fara. Farin magi ma yana da nasa rabon. Sai a jefa ɗunƙule 5 ko 6 a tukunya, a ƙara farin magi, a kawo gishiri a zuba kamar ba a sa komai ba, a kawo yaji mai magi a barbaɗa a kai. Maigida yana shan maganin hawan jini kullum, an ce ya rage gishiri, uwargida ta rage na kwano da gaske, amma ta ƙara ɗunƙule don miya ta yi daɗi. Ba ta yi da mugunta ba, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ke ciki. Ma'aikatar Lafiya ta tarayya ta fitar da ƙa'idar rage gishiri a abinci a 2025, amma kafin wannan ta iso tukunyarmu, daddawa tana nan, da albasa da tafarnuwa da citta da busasshen kifi. Ban ce a daina magi ba. In an sa shi, a lissafa shi cikin gishiri.

Kada ku ɗauka duk abin da ke jikin leda abin tsoro ne. Akwai alheri a ciki da ya kamata a nema. Tun 1993 doka ta ce a sa sinadarin aidin a gishirin ci, shi ya sa maƙoƙo ya ragu ƙwarai, kuma aidin yana taimakon ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tun 2002 kuma aka wajabta sa bitamin A cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki, alamarsa hoton ido ne a jikin kayan. Wannan bitamin yana kare yara daga dundumi, yana ƙarfafa jiki ga yaƙi da cuta. Amma aidin yana raguwa in an bar gishiri a buɗe cikin rana da laima, bitamin A kuma hasken rana yana kashe shi. Man da aka ɗura a tsohuwar roba aka jera a bakin titi yana shan rana, ko da can yana da shi, ba lalle ya kai gida da shi ba. Game da mai kuma, dokar 2022 ta taƙaita wani mugun kitse mai toshe jijiyar zuciya, wanda ake rubutawa "trans fat", kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. In kun ga "partially hydrogenated" a jikin bota ko biskit, ku ajiye shi.

Ranar ƙarewa kowa ya ji labarinta, ba zan daɗe ba. "MFD" ranar yi ce, "BB" ko "EXP" ranar da ya kamata a ce an gama da shi. In an kankare wurin, ko an liƙa wata takarda a kai, a bar shi. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bakinsa, a bar shi ko da kwanansa da saura. A tuna kuma, ranar nan an sa ta ne bisa sharaɗin a ajiye kaya a wuri mai sanyi, mu kuwa mun san zafin Dutse a watan Afrilu, da yadda shagon kwano ke zama kamar tanda. Lambar NAFDAC tana nufin an yi wa kayan rajista, ba ta nufin yaro ya sha roba 3 a yini. Maƙaryata kuma suna iya buga lambar ƙarya. In kun ga abin da ba ku yarda da shi ba, hukumar tana da ofishi a kowace jiha, har da tamu.

To, 'yan'uwa, duk wannan da na faɗa, akwai manyan ramuka biyu a ƙarƙashinsa, kuma su ne ainihin dalilin da ya sa maganar ta zama ta ikilisiya.

Na fari, yawancinmu ba ma sayen kaya cikin ledarsa ta asali. Awo muke saya, da ƙulli. Ɗan kasuwa ya sayo buhun madara a Kano ko a Shuwarin, ya farke, ya ƙulla na naira 100, na 200. Buhun da ke ɗauke da suna da kwanan wata ya tafi wajen mai ɗinkin tabarma, abin da ya iso hannun uwa farin gari ne cikin farar leda. Ba ta san ko madara ce ko "creamer" ba, ba ta san ko kwanansa ya wuce ba. Dokar da aka rubuta a Abuja ta tsaya a bakin buhu. Haɗarin wannan mun gan shi kusa da mu. A 2021 a Kano, mutane suka sha abin sha da aka haɗa da garin lemo da ɗan tsami, ɗaruruwa suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasu. Binciken NAFDAC ya nuna akwai kayan da kwanansu ya ƙare, akwai kuma wani sinadarin masana'antu da aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu haɗa abin shan nan ba su yi niyyar kashe kowa ba, farin gari suka saya ba suna a jikinsa.

Na biyu, rubutun da Turanci ne, Turancin ma na likitoci. Kayan da ke shigowa ta Maigatari wasu da Faransanci suke, wasu da Larabci. Tsohuwar da ke riƙon jikoki a ƙauyen Gwaram, ko ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ina za ta kai wannan? Wasu ƙasashe sun gane haka. A ƙasar Chile, tun 2016, duk abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi masa yawa, dole a buga masa baƙin tambari babba a gaba, wanda ko yaro zai gane. An hana tallarsa ga yara, an hana sayar da shi a makarantu, bincike kuma ya nuna sayen lemo mai sukari ya ragu da kusan kashi 1 cikin 4. Meziko ta bi sahu a 2020. Ƙungiyoyin lafiya a Nijeriya sun yi ta kira a yi irin wannan, ni ma ina ganin ita ce hanyar da ta dace da ƙasar da masu karatu ba su da yawa. Shugabanninmu na ƙungiyar Kirista, in kun sami zama da hukuma, ku sa wannan cikin abin da za ku roƙa, ku roƙi kuma a riƙa sa Hausa a jikin kayan da ake sayarwa a Arewa. Roƙo ne da maƙwabtanmu Musulmi za su sa hannu a kai ba gardama, gama kasuwarmu ɗaya.

Kafin wannan ya samu, Allah ya ba mu abu ɗaya. Ko a ƙaramar ikilisiya ba a rasa malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗalibin sakandare, ko ɗan jami'ar tarayya da ke nan Dutse. Tun zuwan bishara ƙasar nan, ikilisiya wurin koyon karatu ce. Ina roƙon shugabannin Zumuntar Mata, sau ɗaya a wata, kowace mace ta zo da ledar abin da ta fi saya, a zauna bayan addu'a, wata ta karanta ta fassara, a gwada wannan da wancan. Minti 20 ya isa. Malaman makarantar Lahadi, ku koya wa yara lissafin cokalin nan, za ku ga su da kansu suna yi wa iyayensu a gida. In maƙwabciya ta ce tana so ta ji, a yi mata wuri.

Ku kuma 'yan kasuwarmu, masu shago da masu tebur, maganar ta fi nauyi a kanku. Littafin Firistoci sura 19 da Maimaitawar Shari'a sura 25 sun hana mutanen Allah riƙe ma'auni biyu. Annabi Amos, a sura 8, ya tsawata wa 'yan kasuwar zamaninsa da ke rage mudu suna ƙara kuɗi, suna haɗa hatsi da shara su sayar wa matalauci. Sayar da "creamer" da sunan madara, wannan zunubin ne cikin sabuwar riga. In ka farke buhu, ka yanke wurin da ke da suna da kwanan wata ka rataye shi inda mai saye zai gani. Ka gaya wa uwa gaskiyar abin da take saya, in ta zaɓi mai araha da saninta, ba laifinka. Kayan da kwanansu ya ƙare, kada ka karya kuɗinsu ka tura wa yara. Na san riba za ta ɗan taɓu a farko. Amma mu 'yan kaɗan ne a garuruwan nan, ana kallonmu, mutane da yawa da ba za su taɓa shiga majami'a ba suna shiga shagonka kowace safiya.

Haka ku mata masu sana'ar zoɓo da kunun aya da yogot da cincin. Da wannan sana'a da yawa cikinku ke biyan kuɗin makaranta, Allah ya sa albarka. Kada ku sayi ɗan tsami ko kala ko garin zaƙi da ba ya cikin ledarsa ta asali mai suna da lamba. Tsamiya da lemon tsami suna nan. Ku wanke robobi da ruwan zafi da sabulu. Ɗan guntun takarda da aka rubuta ranar da aka yi abin da abin da aka zuba, ko da biro ne, ya isa farawa, kuma mai ciwon suga zai gode muku in kuka yi wani kaso marar sukari kuka sa masa alama. In sana'ar ta girma har ana kai wa shaguna, a nemi rajista.

Dattawa da ma'aji, ku ma kuna sayayya da kuɗin baiko. Lokacin Kirsimeti da Ista, da taron ƙarshen shekara, da bikin aure, katan katan na lemo muke tarawa, mu ba yara biskit da alawa a makarantar Lahadi. Ranar biki ɗaya ba ta kashe kowa, amma ku duba kayan da muke kai wa gwauraye da marayu da marasa lafiya. Sau nawa aka kai wa dattijo mai ciwon suga katan na lemon malt da sunan dubiya? Shi ma sukari ne cike da shi. Kuɗin nan zai sayi wake, da ƙwai, da gyaɗa, da busasshen kifi. Kwamitin jinƙai ya sa mutum ɗaya mai karatu da zai duba kwanan wata da jerin haɗi kafin a biya, ya kuma tambayi ciwon wanda za a kai wa. In wata ƙungiya ta kawo mana tallafin abinci, a gode, a kuma duba shi haka nan kafin a raba.

Abu na ƙarshe, ledar maganin tamowa da ake bayarwa a asibitoci, mai kama da tunkuzar gyaɗa. Magani ce da aka auna don yaron da ya rame ƙwarai, kyauta ake ba da ita, ba ta sayarwa ba ce. Kada a raba ta da sauran yaran gida, kada babba ya shafa a burodi, kada kuma a same ta a teburin ɗan ikilisiya. In an sallami yaron, a ci gaba da garin kunun da ma'aikatan lafiya ke koyarwa, na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa da aka soya aka niƙa tare, a riƙa ƙara masa garin zogale ko ɗan manja. Yawancinsu a gonakinmu suke, wadda ba ta san awon haɗin ba ta tambaya a asibitin da ake awon yara mafi kusa da ita.

Shugaba, na ga lokaci ya tafi. Akwai ledoji da gwangwanaye a kan teburin baya, bayan addu'ar rufewa duk mai so ya tsaya mu karanta su tare.